Ranar da Guduna Ya Watsa Garinmu

Shekarun baya kaɗan, ina sabuwar gama sakandare a Batsari, na taɓa neman shiga makarantar horar da hafsoshin soja. Na san wasu cikin masu bibiyata a nan za su yi dariya, musamman waɗanda suka san ni ido da ido, don ni ce wadda ko murfin tukunya ya faɗi sai ta dafe ƙirji. Ku yi dariyarku, ni ma na yi tawa. Amma da gaske na nema, kuma saura ƙiris takarda guda ɗaya ta hana ni ko zuwa wurin tantancewa.

Garinmu ɗan ƙauye ne a ƙasar Ruma, daji yana yamma da mu. Saura shekara ɗaya in gama makaranta, na zo hutu gida, aka shigo mana. Ba wannan labarin zan ba ku ba. Abin da zan ce kawai, ni da mahaifiyata mun yini kwance cikin gero, da muka fito kuma an rasa mutane, ciki har da ɗan maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da duk unguwa ke ce wa Iya. Tun daga ranar, in na ji ƙarar babura sun wuce biyu a tare, sai in fara neman wurin ɓuya. Don haka kada wani ya ɗauka jarumta ce ta kai ni ga fom ɗin soja. Gajiya na yi da tsoro. Na ɗauka in aka sa mini kaki, aka koya mini riƙon bindiga, wannan abin da ya tokare mini ƙirji zai fita.

Yayana ne ya cike mini fom a wani shagon kwamfuta a Batsari. Na je na rubuta jarrabawa, Allah ya sa sunana ya fito cikin waɗanda aka kira tantancewa. Mahaifina malamin allo ne, yana kuma noma. Kwana uku bai ce mini komai a kan maganar ba. Rana ta huɗu ya kira ni ya ce, "Na yi istihara, na amince. Amma da sharaɗi. Daga ni sai uwarki sai yayanki. Ko kazar gidan nan kada ta ji."

Ku na birni wataƙila ba za ku gane dalilin wannan sharaɗi ba. A wajenmu, gidan da aka san yana da soja gida ne da aka yi wa alama. Mutanen daji suna da kunne a kasuwa, suna da kunne a bakin rijiya.

Abu biyu suka rage mini. Na farko takardar shaida ce, wadda mai gari zai sa wa hannu ya buga hatimi, cewa ni ɗiyar garin ce kuma ya san ni da halin kirki. Daga nan a kai wa hakimi, a wuce sakatariya. In babu ita, ko ƙofar wurin tantancewa ba za a bar ni in shiga ba. Baba ya ce a bar wannan sai lokaci ya matso, shi zai je da kansa a asirce. Na biyu kuma gudu ne. Yayana ya ce za a sa mu gudu mai nisa, wanda aka bari a baya ranar zai ɗauki jakarsa ya koma gida.

Da farko a tsakar gida na fara. Ina kewaya rumbu, kaji suna watsewa, ni kuma jiri yana ɗibata. Mahaifiyata tana surfe tana kallona, rannan ta ce, "In dai haka ake zama soja, ai akuyar nan da ke ɗaure a turke ta riga ki zama hafsa."

Sai muka yanke shawara in fita waje. Akwai wata 'yar hanya bayan gidanmu, ta ratsa gonakin gero ta yi yamma har fadama. Lokacin damina ce, gero ya fi mutum tsawo. Muka tsara cewa bayan sallar asuba in tafi da kwando a hankali kamar mai zuwa ɗibar tafasa, in na kai fadama in juyo da gudu. Dalilinmu shi ne, in na gaji, gara gajiyar ta same ni kusa da gida. Mu uku muka zauna muka ƙulla wannan dabara, ni da mahaifiyata da yayana mai difloma, amma babu wanda ya tuna da abin da kowane ɗan garinmu ya sani.

A garinmu ba a gudu. Tun bayan abin da ya faru, ko yara ne suka yi tsere a kan layi sai sun sha bulala. In kuma dole ta kama ka, to kana gudu kana faɗin dalili da ƙarfi. Mai bin akuya yana cewa, "Akuya ce! Akuya ce!" Wadda ta bar tukunya a wuta tana cewa, "Tuwo ne!" Ba wanda ya kafa wannan doka, haka kawai ta zauna. Gudun da babu magana a cikinsa ma'anarsa ɗaya ce, balle a ce daga yamma mai gudun ya fito. Ni kuwa nawa dalilin ba ya faɗuwa.

Kwana biyu na yi lafiya lau, ba wanda ya gan ni. Rana ta uku na makara, na tsaya wanke-wanke, kafin in juyo daga fadama gari ya waye tangaran. Na fito daga cikin gero a guje, hijabi ɗaure a ƙugu, wandon yayana a ƙasa, takalminsa na kambas a ƙafa, baki buɗe ina haki. Daidai nan famfon unguwarmu yake, mata sun yi layi. Wata ta ɗago kai ta gan ni. Ta saki bokiti ta ce, "Ga su nan!"

Yanzu ga inda nake so ku fahimce ni. Da na ji "ga su nan", na kuma ga idanun matan nan duk suna kallon bayana, ko kusa zuciyata ba ta ce mini ni ce ba. Na yarda suna bayana. Har ƙarar babura na ji a kunnena, alhali babu ko keke. Na zubar da kwandon na ƙara mai. Gudun da na yi ranar, da a wurin tantancewa na yi shi, da ba a sake tambayata komai ba. Na wuce matan famfo, na wuce mai shayi yana gudu da buta a hannu, na wuce maza majiya ƙarfi. Ko'ina salati, ana kiran sunayen yara, ana kwance shanu.

A kwanar gidan Iya na same ta ta fito da sandarta. Wani ya bangaje ta ko tuntuɓe ta yi da dokin ƙofa, ban sani ba, na dai gan ta a ƙasa. Ta miƙo hannu ta ce, "Ɗiyar Malam, kama ni." Na ji ta sarai. Mun haɗa ido. Na tsallake sandarta na wuce.

Gari kakaf ya kwashe ya shige gonakin gabas. Muna nan kwance har hantsi ya dubi ludayi. A cikin geron na laluba na sami mahaifiyata. Muna kwance kafaɗa da kafaɗa kamar wancan karon, shiru, ba harbi, ba ƙarar babur. Can sai na ga ta zuba wa ƙafafuna ido. Ta dubi kambas ɗin, ta dubi fuskata, ta ce a hankali, "Innalillahi. Ke ce." Sai a lokacin abin ya faɗo mini.

'Yan sintiri sun zaga har fadama da bindigoginsu, ba su ga komai ba sai sawun takalmin mutum ɗaya da kwandon tafasa. Aka dawo aka fara bin diddigi, wa ya fara gani? Wannan ya ce wancan, wancan ya ce matan famfo, matan famfo suka ce ɗiyar Malam. Aka tambaye ni me na gani. Na ce ni ma su na ga suna gudu. Ɓarnar da aka yi ba kaɗan ba ce. Koko ya zube, mai ƙosai ta rasa man suyarta, shanun da aka kwance sun cinye wa wani bawan Allah rabin gonar wake. Iya kuma ƙafarta ta karye ƙasa da gwiwa. A ƙofar gidanta aka same ta, ita kaɗai a cikin garin, tana jan carbi tana jiran su zo.

Bayan la'asar mai gari ya aiko. Baba ya shiga zaure, ni na durƙusa a bakin ƙofa. Zauren cike da dattawa. Aka yi gaisuwa aka gama, mai gari ya dube ni.

"Yarinya, mi ya koro ki?"

Na sunkuyar da kai.

"To in ba a koro ki ba, mi ya hana ki faɗi abin da kike ma gudu, kamar yadda kowa ke yi? Ko ke baƙuwa ce?"

Na saci kallon Baba. Baba ba ya ƙarya, kuma ba zai faɗi gaskiya a gaban mutum ashirin ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan ba mu wuri." Dattawa suka tashi suna gunaguni. Da zaure ya rage mu uku, Baba ya zaro takardar daga aljihu ya miƙa da hannu biyu, ya yi bayani a taƙaice. Mai gari ya sa tabarau ya duba. Ya dube ni ta saman tabarau ɗin, sai dariya ta ƙwace masa, har yana tari. Sannan ya tsaya.

Ya ce, "Malam, hargitsin gari kuskure ne, na yafe. Maganar wake kuma ku daidaita da mai gona. Amma takardar ga cewa ta yi in shaidi halinta. An ce mini Iya ta kira ta, ta tsallake ta ta wuce. Yarinya, haka ne?"

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

"To da wane hannu zan sa?"

Ya naɗe takardar ya tura ƙarƙashin buzun da yake zaune a kai. Ya ce, "Tana nan, ba mai taɓa ta. Ran da Iya ta ce in sa, zan sa." Saura kwana tara ranar tafiyata.

A hanyar gida Baba bai yi mini faɗa ba. Da ya yi da na fi jin sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Gobe da safe kin san inda za ki."

Na fara zuwa gidan Iya kullum. Mai ɗori ya ɗaure ƙafar da itatuwa da tsumma, ya ce kada ta motsa. Matar ɗanta da ya rasu ce kaɗai ke tare da ita, ga ta da goyo. Ni ke ɗebo ruwa, ni ke shara, ni ke dama kunu, in juya ta, in fitar da fo. Ba ta kore ni ba, ba ta kuma yi mini magana ba. In tana son abu sai ta ce wa surukarta, "Ce ma barewar nan ta miƙo mini buta," alhali ina zaune kusa da ƙafarta. Ban iya buɗe baki na nemi gafara ba. Ina jin kunyar kada ta ce don takarda na zo. Kuma in zan faɗa muku gaskiya, rabin zuwan nawa don takardar ne. Ina shara ina ƙirga kwanaki.

Rana ta biyar surukarta ta tafi niƙa. Ina dama kunu sai na ji Iya ta ce, "Ke."

Na ce, "Na'am, Iya."

"Mi kike ma gudu ranar nan? Kada ki ce mini akuya."

Na tuna sharaɗin Baba. Na kuma dubi ƙafar nan da ke ɗaure. Sai na faɗa mata komai, tun daga fom har takardar da ke ƙarƙashin buzu. Ta yi ta kallona, sannan ta fashe da dariya har ta riƙe ƙafar tana cewa wayyo.

"Soja? Ke? Ja'ira, ke da ƙadangare ya faɗo daga danga kika yi ihu shekaranjiya?"

Na ce, "Shi ya sa, Iya."

Dariyar ta tsaya. Sannan ta ba ni labarin da ban taɓa sani ba, duk da katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ta ce wancan karon ɗanta ya riga ya tsira, har ya kai cikin gero. Sai ya tuna ba ta iya gudu, ya dawo ɗaukarta. A ƙofar gidan nan suka same shi, daidai inda ta faɗi.

Ta ce, "Shi ya waiwayo, ga inda waiwaye ya kai shi. Ke ba ki waiwayo ba, ga ki nan kina dama mini kunu. Kwana biyar ina kwance ina tunani, na rasa wanda ya fi wani hankali cikinku."

Na ajiye ludayi na yi kuka irin wanda ban yi ba tun wancan harin. Na ce, "Iya, don Allah ki yafe mini." Ta ce, "Miƙo mini goro na can kan taga. Kuma kunun nan ya yi gudaji."

Rana ta shida, ta bakwai, ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Na fidda rai. Na cire kambas ɗin na wanke na mayar wa yayana. Abin mamaki, daga ranar da na fidda rai ne zuwa gidan ya daina yi mini nauyi.

Rana ta takwas na shiga da safe na same ta ta sa zaninta na zuwa biki, ta yafa mayafi. A tsakar gida ga baro an shimfiɗa masa bargo da matashi. Surukarta tana ta cewa mai ɗori ya hana, ita kuma tana cewa mai ɗori ba ubanta ba ne. Muka ciccibe ta muka sa.

Ta ce, "Ke za ki tura, tunda ƙarfi ya yi miki yawa. Kuma a hankali. Kika yi gudu da ni sai na tsine miki."

Haka muka ratsa gari. Duk inda muka wuce mutane suna leƙowa, ita kuma tana ɗaga sanda tana cewa, "Ba kowa! Tsohuwa ce a baro! Kowa ya zauna!"

Mai gari sa'anta ne, tare suka yi wasan ƙasa. Da ya gan mu ya miƙe yana salati. Ta ce, "Ranka ya daɗe, kori mutanen ga, magana gare ni." Suka fita. Na tura ta har cikin zaure na koma gefe na durƙusa.

"Ina takardar yarinyar ga?"

Ya ɗaga buzu ya zaro. Ya ce, "Iya, kin yafe ke nan?"

Ta ce, "Yafiya tsakanina da ita ne da Allah, ba a zaurenka za a yi ta ba. Kai dai sa hannu. Ina kwance a ƙofa ranar nan kowa ya wuce ta gabana, ba ita kaɗai ba. Ita ce dai na kira. Kai ma na gan ka, rawani a hannu. Garin ga daga kai har liman babu wanda bai iya gudu ba. A samu ko mutum ɗaya a kai shi inda ake koyon tsayawa."

Mai gari ya laluba aljihu ya ciro biro, ya sa hannu. Ya hura wa hatimi iska sau biyu ya ɗora takardar a kan gwiwarsa ya danna. Ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. A ranar yayana ya ɗauki takardar a babur ya yi gidan hakimi da sakatariya, ya dawo da ita da yamma. Washegari na tafi, aka ce wa maƙwabta na je garin Zakka wurin kawuna. A can ɗin na fara kwana kuwa, don kada Baba ya zama ya yi ƙarya.

Na san kuna jiran in ce yau ga ni da kaki. A'a. Na je tantancewa, na yi gudun, ina cikin na gaba. Aka auna mu, aka gwada jini, aka yi mana tambayoyi, muka dawo gida. Da sunaye na ƙarshe suka fito babu nawa, kuma ban san dalili ba har yau. Mutane da yawa suka nema, wuri kaɗan ne. Ban sake nema ba. Yanzu ina koyarwa a wata Islamiyya a cikin Batsari. A garinmu kuwa har gobe in na je, matan famfo "Ga-su-nan" suke kirana.

Iya ta warke amma da ɗingishi ta ƙarasa rayuwarta, ta rasu daminar bara. Allah ya jiƙanta. Ba ta taɓa furta mini kalmar yafiya ba, ni ma ban sake roƙo ba. Ina da kwafin takardar nan cikin akwatina. In na ga layin da aka ce an san ni da halin kirki, ga sa hannu ga hatimi, nakan ji nauyi, don na san ba halina aka shaida ba. Wata ce ta ara mini nata.

Tsoron kuma yana nan, bai je ko'ina ba. Watan jiya ina kasuwa tayar mota ta fashe, mutane suka watse, ni ma na zura a guje. Taku huɗu na yi, sai na ji kamar an ce "ɗiyar Malam". Na tsaya na waiwaya. Babu kowa a ƙasa, sai tumatir da ya zube. Na tsaya nan, mai tumatir yana yi mini dariya.

Taku huɗu. Na ƙirga su. Ina roƙon Allah ya nuna mini ranar da za su koma biyu.